Barguna Goma Sha Ɗaya da Man Sahib

Jama'a, idan kun ji rubutun nan yana warin fetur, ku gafarce ni, daga bakina yake fitowa. Yau da hantsi na sha fetur. Ba da gangan ba, kuma ban ba kowa shawarar ya gwada ba.

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jarka na nufi gidan man da ke bakin gada. Na tarar layi ya zarce masallaci ya kai wajen mai matse rake. Awa huɗu cur ina tsaye, gabana direban keke mai ƙafa uku yana ba ni tarihin ciwon bayansa, bayana wani malamin makaranta yana duba takardun jarrabawa a kan tankin babur. Da na iso bakin famfo, mai zuba man ya dubi jarkata kamar na kawo masa mushe, ya kira ni Chacha, wato Kawu.

"Chacha, ba a zubawa a jarka. Sabuwar doka."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da la'asar."

"To janareta fa? In goyo shi in kawo maka?"

Ya ce, "Ni ban ce ka goyo shi ba. Amma in ka goyo shi, layin motoci za ka shiga."

Malamin makarantar ne ya ji tausayina. Ya cika tankinsa, muka zagaya bayan gidan man, muka aro tiyo, ya ce in zuƙa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Babu wanda ya gaya mini da wuri ake zare baki. Don haka ina jinjina wa bawan Allahn da ya zauna cikin sanyin ofis ya haifo dokar nan. Ya hana ɓoye mai, ya kuma koya wa tsofaffi sabuwar sana'a.

Na san za ku ce, Munshi Juman magatakarda, kai da ba ka da mota, ba ka da babur, ko keken ma aro kake yi, me ya haɗa ka da fetur? Bargo ne ya haɗa mu.

Kun tuna ambaliyar daminar bara. A Layin Masu Shiɓa, inda nake zaune, ruwa ya kai ƙugu, ya kwana goma sha ɗaya bai tambayi hanyar fita ba. Razai kuwa, bargonmu mai cike da auduga, in ya jiƙe ya kwana uku to sai dai a haƙa masa rami. Gida sittin da uku, babu wanda ya tsira da na kirki. Manya sun zo mana sau uku, Allah ya saka musu. Zuwan farko sun rubuta sunayenmu. Zuwa na biyu sun tantance ko mu ne masu sunayen. Zuwa na uku suka zo da bargo ɗaya da mai hoto ɗaya, kowa ya rungume shi aka ɗauka, sannan aka ninke shi aka mayar mota. Bargo ne mai kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Na taɓa shi da hannuna, laushi kamar cikin ɗan zomo.

Ɗarin bara ya tafi mana da tsofaffi biyu. Ba na cewa rashin bargo ne, kwana ne ya ƙare. Amma kwanan ya ƙare ne suna rawar sanyi. Chacha Pir Baksh, tsohon mai gadin masallacinmu, ya tsallake da ƙyar, da tarin da har yau bai sake shi ba.

Katanga ɗaya ta raba ni da Ustad Sohrab (Ustad muke ce wa ƙwararren mai sana'a), mai walda da gyaran injin ban ruwa, mutumin da bai taɓa ganin ƙarfe a yashe ya wuce shi ba. Matarsa, Adi Nurbano (a wajenmu Adi 'yar'uwa ce, Ada kuma ɗan'uwa), shekara talatin tana ɗinka razai da hannu. Ita ta zauna ta ƙirga, ta ce layinmu na buƙatar bargo ɗari da arba'in kafin sanyin bana. Auduga ba matsala ba ce, rabin matan layin a gonakin auduga suke tsinka, kowacce ta ajiye ɗan abin da ta ajiye. Yadi ma an haɗa, daga tsofaffin riguna zuwa labule. Ɗinkin ne jidali. Bargo ɗaya kwana biyar yake cin ta, ga yatsunta sun kumbura, cokali ma da dabara take riƙewa.

Sai Ustad ya shige ɗakin baya ya rufe ƙofa, wata biyu ba ka jin komai sai ƙarar walda da salati. Ranar da ya kira ni na ga abin, sai da na ja da baya. Gadajen ƙarfe biyu ya haɗe suka zama wani makeken firam. Ya ɗora bututun ruwa biyu kamar layin dogo, ya yanke kan tsohon keken ɗinki ya ƙara masa tsawon wuya, ya sa shi yana gudu a kai da sarƙar keke. Abin da ke jan sarƙar daga cikin mataccen injin kwafin takardu ya zaro shi. A gefe ga wata kwamfuta da ta girme wa wasu daga cikin masu karanta ni.

Na ce, "Ustad, wannan ɗinki zai yi ko yaƙi?"

Ya ce, "Ada Juman, tsaya ka gani."

Na tsaya na gani. Injin ya yi gurnani, ya zabura, ya ɗinka wani abu mai kama da hanjin akuya, sannan ya karya allura ya yi shiru. Adi Nurbano tana bakin ƙofa da hannu a haɓa.

Ta ce, "Baban Sikandar, ƙarfe ka sani, ɗinki kuwa ba ka san ko gaisuwarsa ba. Matsa."

Ashe injin wawa ne, ba ya sanin komai sai abin da aka gaya masa da lamba. Mako guda tana kallon darussa a waya, tana girki tana kallo, har dal ɗinta, miyar wakenmu, ya ƙone sau biyu. Ta samo littafin lissafi mai gida-gida, ta zana adon ɗan mangwaron nan mai lanƙwasasshen baki da ta gada wurin mahaifiyarta, ta bi shi ɗigo-ɗigo tana ƙirga gidaje. Ni kuma aka kira ni saboda shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wa mutane takardun koke da tafireta a bakin kotu. Da tsohuwar zuma ake magani. Tana faɗa ina bugawa: dama goma sha biyu, sama huɗu, lanƙwasa, hagu uku.

Wuni guda muka yi kafin mangwaro ɗaya ya fito. Na tambaye ta nawa ne a bargo. Ta ce goma sha shida a jere, jeri ashirin. Na ce to a aika wa magadana, ba zan kai ƙarshe ba.

Washegari ta shigo tana murmushi. Ta gano kalmar da ake rubutawa. Ka zana abu sau ɗaya tak, sai ka ce wa injin ya maimaita sau kaza, kowane karo ya matsa taƙi ɗaya. In jeri ya cika, ya sauko ya sake. Layi huɗu na rubutu suka maye gurbin aikin kusan shekara guda. Na ce ikon Allah, ashe da wannan ake rubuta wa manyanmu jawabi.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Mangwaron farko ya fito kamar ka ɗauka ka sha. Na takwas ya fara karkata. Na goma sha shida kuwa kamar ɓauna ta taka shi. Kwana uku gidan ba zaman lafiya, ina jiyo su ta katanga.

"Lambobinki ne!"

"Sarƙarka ce! Sako-sako take kamar haƙorin tsohuwa!"

Gaskiyar magana kowa da rabonsa. Sarƙar tana ɗan wasa, zanen nata kuma yana ƙarewa ne silin gashi ɗaya nesa da inda ya kamata. Silin gashi ba komai ba ne, amma in kowane mangwaro ya ɗora nasa a kan na baya, kafin ƙarshen jeri ya zama igiya. Ustad ya ɗaure sarƙar da sifirin na babur. Ita kuma ta sa na gyara rubutun, allura ta daina aunawa daga inda ta tsaya, kowane mangwaro sai ta auno shi daga kusurwar firam. Da muka sake gwadawa, goma sha shidan suka jeru kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ustad ya zauna a ƙasa yana share ido, wai hayaƙin walda ne. Rabonsa da walda kwana uku.

Minti hamsin, bargo ɗaya. Sai dai wutarmu kun san halinta, awa biyu take leƙowa a wuni, ita ma ba ta aiko da sanarwa. Sai ɗan janaretan Ustad, sai jarka, sai ni. Da ƙyar muke fitar da biyu a rana. Mun kai talatin da bakwai, sanyi saura mako uku, sai labari ya fita. Wani ya ɗauki injin a waya ya watsa.

Ba zan faɗi sunan ofishin da ya aiko ba, mu dai Ofishin Gobe-Ka-Dawo muke ce masa. Ƙaramin Sahib ne ya zo, wato ƙaramin oga, mai riƙe wa Mai Girma Babban Sahib jaka, cikin fararen kaya masu sitaci da in ya juya sai ka ji ƙara. Ya kewaya injin sau biyu bai taɓa ba.

Ya ce, "Muna taya ku murnar nasarar shirinmu."

Ustad ya ce, "Wane shiri, Sahib?"

"Shirin Kowane Layi da Basirarsa. Ku ne 'ya'yan fari. Mai Girma da kansa zai zo ranar Litinin ya ƙaddamar."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ga jijiyar wuyan Ustad ta tashi, hannunsa na lalubar sifana. Adi Nurbano ta ja mayafi ta matso.

"Sahib, za a sa lasifika?"

"Huɗu."

"Da fankoki?"

"Mai Girma ba ya zama cikin zafi."

"To da wace wutar? Tamu ba ta da alkawari."

Ya yi dariyar da ake yi wa talaka. "Da janaretanmu za mu zo, babba, a kan mota, tanki cike. Ƙarfe tara daidai za a fara. Mai Girma ba ya wasa da lokaci."

Ta ce, "Allah ya kawo shi lafiya."

Yana fita ta aika gida-gida. Kowace mace ta shiɓe audugarta, ta shimfiɗa tsakanin yadi biyu, ta kama gefe da zare, ta kawo ranar Litinin da sassafe.

Ranar Litinin ban gane layinmu ba. An share shi, abin da bai samu ba tun ina saurayi. An jera tukwanen furanni na haya. Kwatar da muka shekara shida muna kai ƙara a kanta an gyara ta cikin minti biyar, aka shimfiɗa mata jar darduma. Ƙarfe bakwai da rabi janareta ya iso, ƙato kamar ɗakin amarya. Adi Nurbano ta aika wa mai kula da shi shayi da gurasar paratha mai zafi, sannan ta bi baya.

"Ada, ai ya kamata a gwada injin kafin Mai Girma ya iso, kada ya kunyata mu gaban baƙi."

Mutumin, baki cike, ya miƙo waya mai kauri.

Aka fara gwaji. Tara ta buga, babu Sahib. Goma, babu. Mata sun yi layi daga ƙofar ɗaki har tsakar gida, ana sauke bargo ana ɗora wani, Ustad yana ɗiga wa sarƙa mai, ni ina gaban kwamfuta ina danna maimaita. A waje 'yan kallo sun cinye samosar baƙi sun fara hamma. Da azahar Ƙaramin Sahib ya leƙo, gumi ya kashe masa sitaci.

"Har yanzu gwajin ne?"

Adi Nurbano ta ce, "Sahib, injin gida ne, sai ya yi zafi yake hankali."

Jama'a, na shekara da shekaru ina zagin makara a wannan fili. Yau na janye. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Duk lokacin da aka ji jiniya daga nesa sai matan su dafe ƙirji, in aka ga motar asibiti ce sai a yi mata addu'a a ci gaba. Mai Girma Sarkin Almakashi, Uban Ƙaddamarwa, Garkuwar Masu Hoto, bai iso ba sai huɗu da rabi. Bargo tara ke ninke a kan gado.

Ya kuma ƙara mana da jawabi. Awa ɗaya da rabi yana yi, ƙarar lasifika ta rufe ta injin, muka ƙara biyu. Ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan na'ura. Ya ce babu irinta daga nan har inda rana ke faɗuwa. Adi Nurbano ya kira ta Nurjahan sau uku. Ustad ko ambatonsa bai yi ba. Ni kuwa ya nuna ni da yatsa ya ce ga dattijon da suka koya wa kwamfuta, aka tafa, na miƙe na rusuna. Me zan yi?

Aka yafa masa ajrak, mayafinmu na gargajiya, a kafaɗa kamar yadda ake yi wa kowane babban baƙo, ya yanke jan ƙyalle, ya shigo ɗakin ya danna maɓalli. Mai hoto ya ce bai samu ba, a sake, Sahib ya ɗan sunkuya kamar yana duba aiki. Ya sunkuya. Bakin ajrak ya zubo kan bargon. Injin kuwa bai san Sahib ba, abin da aka gaya masa shi yake yi. Kafin Adi Nurbano ta kai hannu ta tsayar, an ɗinke Mai Girma da bargo, mangwaro ɗaya da rabi, ɗinki mai kyau ba karkata. Ya yi ruku'u a wurin, 'yan sanda biyu suna ja ta baya. Da almakashinsa na ƙaddamarwa aka yanke shi. Ina jin ranar ce ta farko da almakashin nan ya yanki abin da ke buƙatar yanka.

Ya miƙe, ya gyara wuya, ya ga mutane na danne dariya. Sai ya ce, "Wannan na'ura ta fi ƙarfin lungu. Gobe a ɗauke ta a kai baje koli babban birni. Wata uku, a dawo da ita."

Wata uku shi ne sanyin gaba ɗayansa. Kuma duk wanda ya taɓa ganin abin da aka kai baje koli ya dawo, ya zo in ba shi shayi. Ustad ya buɗe baki, matarsa ta taka masa ƙafa.

Ta ce, "Sahib, ai naku ne. Ku ɗauka."

Ƙarti huɗu suka kama firam. Sai a lokacin kowa ya dubi ƙofa. Ƙofar taƙi huɗu ce, firam ɗin ya fi tsawon mutum biyu a kwance, kuma a cikin ɗakin Ustad ya walde shi, ba noti ko ɗaya da za a kwance. Ƙaramin Sahib ya auna da hannu, ya auna da igiyar takalmi, ya ce sai dai a fasa bango.

A nan ne shekaruna talatin da ɗaya a bakin kotu suka yi rana. Na matso na haɗa hannuwa.

"Allah ya ƙara wa Sahib girma. Bangon nan yana cikin jerin waɗanda ambaliya ta taɓa. Takardar da aka manna mana ta ce duk wanda ya taɓa irin wannan bango kafin kwamitin tantance ɓarna ya gan shi, ya yi laifi."

"To yaushe kwamitin zai zo?"

"Wata goma sha huɗu muna jiransa, Sahib. Amma an ce yana hanya."

Mai Girma ya dubi Ƙaramin Sahib. Ƙaramin Sahib ya dubi jaka. Can sai Mai Girma ya ɗaga yatsa ya ce, "A kafa kwamiti ya binciki kwamitin."

Wallahi ban taɓa jin layinmu ya ce amin da murya ɗaya kamar ranar ba.

Kafin magariba an kwashe furanni, an naɗe darduma, kwata ta dawo bakin aikinta. Bargon da ya kama Sahib kuwa, Chacha Pir Baksh aka kai wa, da guntun ajrak ɗin a jiki. Ya shafa shi ya shafa, ya yi tarinsa, ya ce shekararsa tamanin, yau ce rana ta farko da wani abu ya fito daga jikin hukuma ya iso hannunsa.

Yanzu muna da hamsin da shida. Saura da yawa, iskar safiya kuma ta fara cizo. Shi ya sa shekaranjiya Adi Nurbano ta zana sabon zane, idon kifi, ta sa na shigar da lambobinsa, sannan ta ce in ɗauko tafireta. Na buga wasiƙa mafi ladabi da na taɓa bugawa, muna roƙon Mai Girma ya dubi Allah ya zo ya ƙaddamar da Kashi na Biyu na shirinsa. Ofishin da ya shekara shida bai amsa mana kan kwata ba, jiya da rana amsarsa ta iso. Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara daidai.

Mata sun fara shiɓa. Ku kuma masu karatu, alfarma ɗaya nake nema. Duk wanda ya hangi ayarin Sahib a hanya ranar Alhamis, don girman Allah ya tare shi ya gaishe shi da kyau. Ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, in da hali ya haɗa da kakanni.